Likita, Waɗanne Fararen Tabo Ne A Hoton Ƙwaƙwalwar Baba?

Wasiƙu huɗu suka zo filin nan a watan da ya wuce, dukkansu a kan takardar sakamakon hoton ƙwaƙwalwa da aka miƙa wa mutane ba tare da bayanin da zai kwantar musu da hankali ba. Na haɗa su wuri guda, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 69, tsohon malamin firamare ne. Kusan shekara biyu ke nan tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa da gajeren taku kamar ƙasa na riƙe shi. Sau biyu ya faɗi a hanyar masallaci. Fitsari ma ba ya iya riƙewa kamar da. Bai manta sunan kowa ba, amma in an tambaye shi abu sai ya jima kafin ya amsa. An yi masa hoton MRI a Kano, ƙanena ya fassara mana takardar: wai akwai cutar ƙananan jijiyoyin jini, an rubuta "Fazekas 2", da ƙananan ramuka biyu na tsohuwar shanyewa. Mu dai ba mu taɓa ganin Baba ya shanye ba. Likitan da muka gani ya ce tsufa ne, a ci gaba da maganin hawan jini. Yayanmu ya ce tunda tsufa ne a bar shi ya huta da haɗiyar ƙwayoyi. Ina gaskiyar take? *Daga 'yarsa, Funtuwa.*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alherin kula da shi. Kafin komai, ki isar wa Yaya saƙona cikin ladabi: kada a dakatar da maganin nan. A duk abin da ke cikin takardar, maganin hawan jinin shi ne abu guda da ke hannunku.

Ban sani ba ko kin taɓa bin hanyar Kura da Kadawa lokacin noman rani. Ruwa na tasowa daga madatsar Tiga ta babbar hanya, ya rabu zuwa matsakaita, har ya kai ga 'yar siririyar hanyar da ke shayar da fangali ɗaya tak. In wannan siririyar ta cushe, fangalin ya bushe ke nan, domin ba shi da wata ƙofar ruwa. Haka ƙwaƙwalwa take. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗaukowa daga huhu. Manyan jijiyoyi na hawowa ta wuya, su kewaye ta, sannan wasu sirara, waɗanda faɗinsu bai kai rabin milimita ba, su nutsa can cikinta. Kowace da yankinta, kuma ba ta da maƙwabciyar da za ta karɓe ta ranar da ta gaza. Shekaru na hawan jini suna sa bangon waɗannan siraran ya yi kauri ya yi tauri, hanyar ta tsuke, bangon kuma ya fara tsatsafo. Na'urar MRI da muke amfani da ita a asibiti ba ta ganin jijiyoyin su kansu saboda ƙanƙantarsu. Ɓarnar da suka bari a baya take nuna mana.

Fararen tabon su ne ɓarna ta farko. A cikin ƙwaƙwalwa, ƙarƙashin ɓawonta, akwai farin sashe wanda tarin wayoyi ne masu kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan, da kuma zuwa ƙafafu da mafitsara. In jini ya yi ƙaranci a nan shekara da shekaru, rufin wayoyin na lalacewa, ruwa ya taru, sai wurin ya fito fari fat a wani nau'in hoto da ake kira FLAIR. Fazekas kuwa sunan mutum ne, Franz Fazekas, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya, wanda ya fito da ma'aunin a 1987 tare da abokan aikinsa. Sifili na nufin babu komai. Mataki na 1 ɗigo-ɗigo ne a warwatse, na 2 ɗigon sun fara haɗewa da juna, na 3 kuma sun zama manyan faci. Baba na tsakiya.

Ramukan biyu kuwa shanyewa ce ta gaske, sai dai ƙarama ce, kuma ta faɗa inda ba a gani a fuska ko hannu. Jijiya ɗaya ta toshe, yankinta ya mutu, jiki ya kwashe mataccen naman, gurbin ya cika da ruwa. Faɗin irin wannan rami daga milimita 3 ne zuwa 15, wato daga ƙwayar dawa zuwa gurjiya. Wani likita ɗan Kanada, Miller Fisher, da ya yi aiki a Boston ta Amurka, shi ya yi fice wajen bayaninsu a 1965, bayan ya bi diddigin jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙwalen waɗanda suka rasu. Da ramin ya faɗa tsinke kaɗan gefe, kan hanyar wayoyin da ke motsa ɓarin jiki, da kun ga shanyewa ƙiri-ƙiri. Wataƙila ranar da abin ya faru Baba ya ce jiri yake ji, ko ya wuni a kwance, aka ce gajiya ce.

To, tsufa ne? Abokin aikina, likitan da kuka gani, ya faɗi rabin gaskiya. A wani bincike da aka yi a birnin Rotadam na ƙasar Holan kan mutane masu shekara 60 zuwa 90, kashi 5 cikin 100 ne kacal aka samu ba su da tabon ko kaɗan. Saboda haka ɗan ɗigo nan da can a hoton dattijo ba abin tashin hankali ba ne. Amma tabon da ya fara haɗewa, ga ramuka biyu, ga tafiya ta canza, wannan ya wuce furfura. Da aka tattara bincike masu yawa a 2010, an ga masu tabo mai yawa haɗarin shanyewarsu ya ninka kusan sau uku, na gigin tsufa kuma kusan sau biyu. A duniya, wannan cuta ce ke jawo kusan kashi ɗaya cikin huɗu na shanyewar da toshewar jijiya ke kawowa. A yankinmu abin ya fi haka. Babban binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya nuna toshewar ƙananan jijiyoyi ce nau'in da ya fi yawa a cikinmu, kuma a rahotonsu na 2018 hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma na dukkan shanyewar da suka gani.

Kalmar "tsufa ne" tana min ciwo, kuma ina da dalili. Gwaggona da ta raine ni mace ce mai surutu, ba a biki ko suna a unguwa ba ta. Ina makarantar koyon likitanci ta fara yin shiru. Ta daina fita, ta daina tsokanar jikoki, sai ta zauna a kan tabarma tana kallon ƙofa. Wani lokaci ta fashe da kuka ba dalili, in an tambaye ta ta ce ita ma ba ta san me ya sa ba. Mutanen gida suka ce ta natsu ne, girma ya zo. An san tana da hawan jini, amma sai ranar da kanta ya yi ciwo take shan magani. Ba a taɓa yi mata hoto ba har Allah ya karɓi abarsa. Yau na san sunan kowace alama da na gani a wurinta: rashin kuzarin zuciya, jinkirin tunani, kukan da ba na baƙin ciki ba. Irin wannan gigin ya bambanta da cutar Alzaima, wadda mantuwa ce kan fara bayyana a cikinta. Mai ciwon ƙananan jijiyoyi abin na nan a kansa, fito da shi ne ke ɗaukar lokaci. Don haka in kun tambayi Baba abu, ku ba shi sarari ya amsa da kansa. Kada wani ya riga shi.

Ramin da ya riga ya samu ba ya cikewa, ba kuma ni da maganin da zai goge farin tabo. Duk wanda ya ce zai sayar muku da maganin wanke jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuɗinku yake so. Amma rage saurin yaɗuwarsa mai yiwuwa ne. A binciken SPRINT na Amurka, mai mutane fiye da 9,000, an raba masu hawan jini gida biyu: wasu aka nemi lambar sama ta awon jininsu ta sauka ƙasa da 140, wasu ƙasa da 120. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna tabon rukuni na biyu bai ƙaru kamar na farko ba, kuma masu fara samun raunin tunani a cikinsu sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ban ce a tura Baba 120 gobe ba. Binciken bai ɗauki masu ciwon suga ko waɗanda suka taɓa shanyewa ba, kuma dattijon da ke faɗuwa a hankali ake sauko da jininsa. Yawanci mukan nemi ƙasa da 130 bisa 80, in jiki ya ɗauka. A auna shi yana zaune, a sake aunawa bayan ya miƙe tsaye da minti ɗaya zuwa uku. In lambar na faɗuwa sosai a tsaye, likita zai gyara maganin.

Ga abin da zan so ku koma da shi asibiti. Jan ƙafa da rashin riƙe fitsari da jinkirin tunani, in sun haɗu su uku, akwai wata cuta da ke kawo su, wato taruwar ruwa a kogunan tsakiyar ƙwaƙwalwa, kuma ita ana yi mata aiki wasu su samu sauƙi sosai. Ku roƙi likitan ƙwaƙwalwa ya duba hoton da idonsa, ba takardar kaɗai ba, ya faɗa muku ko kogunan sun buɗe fiye da kima. A auna suga da kitsen jini da aikin ƙoda, a duba fitsari ko akwai furotin, a leƙa bayan ido, domin ƙoda da ido irin waɗannan siraran jijiyoyin suke da su, kuma abin da ya taɓa ɗaya yakan taɓa sauran. A auna bitamin B12, a duba mafitsara da abin da ke tare fitsarin maza in sun manyanta. A nemo mai gashin ƙashi ya koya masa atisayen ƙafa. Masallaci kuwa kada a hana shi. Tafiyar nan sau biyar a rana magani ce, ganin jama'a ma haka. A samo sanda mai kyau, jika ɗaya ya riƙa raka shi, a kuma sa fitila a hanyar banɗaki da dare.

Tambaya: Likita, shekarata 38, 'ya'yana biyar. Tun ina budurwa nake fama da ciwon ɓarin kai. Da ya matsa min aka yi min MRI, aka ce akwai 'yan fararen ɗigo guda huɗu ko biyar. Na duba a intanet na ga ana maganar gigin tsufa da shanyewa. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. *Daga wata uwa, Azare.*

Amsa: Malama, ki kwanta ki yi barcinki yau. Abin da na faɗa wa 'yar uwarmu ta Funtuwa ba naki ba ne. Masu ciwon ɓarin kai, musamman mata, an san ana yawan ganin irin waɗannan 'yan ɗigo a hotonsu, kuma binciken da ya bi su shekaru bai nuna ɗigon na rage musu kaifin tunani ba. Ba kuma su ne ke sa miki ciwon kan ba.

Sai dai da kin zo gabana, da na yi miki tambayoyi uku. Ta farko, a cikin haihuwa biyar ɗin nan, an taɓa ce miki jininki ya hau da ciki, ko kin kumbura, ko kin yi jijjiga? Macen da ta yi wannan tana da haɗarin hawan jini da shanyewa nan gaba fiye da wadda ba ta yi ba, amma da an yi suna sai kowa ya manta, ba a sake aunawa. Ta biyu, yaya kike da kanwa da gishiri? Kanwa 'yar uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam ɗin da ke ɗaga jini yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda kunun kanwa mai yawa da zafin jego ke da alaƙa da kumburin zuciyar masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin baligi a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma a ciki za a lissafa dunƙulen miya da na yaji da na kilishi. Ta uku, a danginku akwai waɗanda suka shanye ko suka rikice tun ba su kai 60 ba, ba tare da hawan jini ba? Akwai wata cutar ƙananan jijiyoyi ta gado, CADASIL, wadda masu bincike a Faransa suka gano tushenta a 1996, kuma takan fara da ciwon ɓarin kai. Ba ta da yawa ko kaɗan, na ambata ne don tarihin dangi shi ke sa a neme ta.

In duka ukun babu matsala, kuma ba ki taɓa samun dushewar gani a ido ɗaya ko mutuwar hannu ko ƙafa na kwanaki ba, ki auna jininki da suga, ki san rukunin jininki game da sikila in ba ki sani ba, ki adana hoton a wuri mai kyau. Ki kuma rage shan diklofenak da ibufurofen barkatai, suna ɗaga jini, suna taɓa ƙoda, yawan shan maganin ciwon kai ma shi kansa yana dawo da ciwon kan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, tsohuwarmu tana da shekara 74. Hotonta ya nuna baƙaƙen ɗigo bakwai, likita ya ce tsohon yoyon jini ne. Shekara huɗu tana shan asfirin kullum, wani mai kemis ne ya ce yana tsinka jini, yana hana shanyewa. Mu daina ko mu ci gaba? *Daga ɗanta, Maraɗi.*

Amsa: Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Baƙaƙen ɗigon nan wata fuskar cutar ce. Bangon jijiya da ya yi rauni yakan zubar da ɗan jini, jiki ya share shi, amma ƙarfen da ke cikin jinin ya zauna a wurin kamar tsatsa. Na'urar MRI maganaɗisu ce, shi ya sa take kama shi, ya fito baƙi, faɗinsa milimita 2 zuwa 5, da wuya ya wuce 10. Yawanci mutum bai ma ji lokacin da ya faru ba.

Tambayar da za ka yi wa likitanta ita ce a ina ɗigon suke. In a can tsakiyar ƙwaƙwalwa suke, sawun hawan jini ne. In kuwa a gefe-gefe suke, kusa da ɓawo, to ana zargin wani furotin mai suna amiloyid da ke taruwa a bangon jijiyoyin tsofaffi, kuma wannan ya fi haɗarin babban zubar jini.

Maganar asfirin ta rataya a kan abu ɗaya da ba ka faɗa min ba: Hajiya ta taɓa shanyewa, ko bugun zuciya na toshewar jijiya, ko an sa mata ƙarfe a jijiyar zuciya? In ta taɓa, kada ku cire da kanku. An tattara bayanan mutane fiye da 20,000 da suka taɓa shanyewa ko alamarta a 2019, aka ga ko da akwai baƙaƙen ɗigon, haɗarin sake toshewa ya fi na zubar jini. In kuwa ba ta taɓa ba, shawarar mai kemis ce kawai, to ra'ayina a fili yake: ba ta da buƙatarsa. Binciken ASPREE na 2018 ya ba tsofaffi masu lafiya fiye da 19,000 a Ostareliya da Amurka asfirin ko ƙwayar da ba magani a ciki, asfirin ɗin bai ƙara musu shekarun lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. Ka kai ta wurin likitan a satin nan, da duk ƙwayoyin da take sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na ciwon gwiwa, a yanke hukunci a gabanka. Kada a haɗa mata asfirin da kulofidogirel, wani maganin tsinka jini, na tsawon lokaci sai da dalili na musamman, domin an gwada hakan a masu ƙaramar shanyewa a 2012, bai rage shanyewar ba, zubar jini ya kusan ninkawa. In kuma tana kan wafarin, maganin tsinka jini mai ƙarfi, ko makamancinsa saboda bugun zuciya marar tsari, lallai likitan zuciyarta ya ga wannan hoton.

Ko an bar asfirin ko an cire, jinin da ba a saukar ba shi ne ke fasa waɗannan jijiyoyin.

Tambaya: Likita, an yi wa mijina hoton CT bara, aka ce akwai alamar cutar ƙananan jijiyoyi. Yanzu an ce mu yi MRI, kuɗin kuma ya fi ƙarfinmu. Dole ne? *Daga matarsa, Birnin Kebbi.*

Amsa: Hajiya, MRI ya fi gani, wannan gaskiya ne. A CT tabon kan fito duhu-duhu ne, sai ya yi yawa ake lura da shi, baƙaƙen ɗigon jini kuwa ba ya nuna su sam. Amma ki tambayi likitan kai tsaye: in an yi hoton, me zai canza a maganin maigida? In amsar ita ce ana son a sa shi a kan maganin tsinka jini mai ƙarfi, ko alamunsa ba su yi kama da na hawan jini ba, ko yana da ƙuruciya, ko jikinsa na lalacewa da sauri, to ku yi ƙoƙari a yi. In kuwa don a ga ko tabon ya ƙaru ne kawai, ni ba na maimaita hoto saboda haka. Gara kuɗin ya tafi a na'urar awon hawan jini ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, da maganin wata shida wanda ba zai yanke ba.

Inda ba a jira shi ne in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ko da abin ya wuce bayan minti goma. A nan CT shi ne na farko, don yana nuna sabon zubar jini nan take. Kada a ba shi asfirin ko ruwa ko wani jiƙo a gida kafin hoton, a kai shi babban asibiti a lokacin, a kuma riƙe ƙarfe nawa aka gan shi lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.

Ku samu ɗan littafi, ki riƙa rubuta awonsa safe da yamma na kwana bakwai kafin kowace ranar asibiti, yana zaune ya huta minti biyar, bai sha shayi ko goro ba. Ku je da littafin tare da hoton bara.